Gaisuwar Ƙarƙashin Ruwa

Ranar Babbar Sallar da ta wuce, ina kishingiɗe a falo bayan an ci nama, na ji Sadiq yana ba matarsa labarina a baranda. Ya ɗauka barci nake yi. Ya ce mata ai Abba a da gwanin nutso ne a teku, Umma ce ta tsaya kai da fata sai da ta raba shi da ruwa. Hafsa kuwa daga kicin ta ɗaga murya ta gyara wa yayanta zance, ta ce ba haka aka yi ba, ruwan teku ne ya cinye masa huhu, likita ya kore shi. Na yi lamo ina saurare, ana rabon gadon tarihina ina raye. Ban tanka ba, don ciki ya cika, kuma ba na son musu a gaban suruka. Ga shi yanzu Sadiq ɗin ne kafil ɗina a ƙasar nan tun da na bar aiki, wato da sunansa takardar zamana take, mutum kuwa ba ya ƙaryata kafil ɗinsa a bainar jama'a. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ware mata wannan babin. Ku duka biyun kun ɗauko wani abu na gaskiya, kun kuma bar mafi girmansa a baya.

Ni mutumin Gumel ne, kun sani. Ruwa mafi girma da na sani ina yaro shi ne kududdufin bayan gidanmu, wanda kafin a gama girbi ya koma filin ƙwallo. Ranar da na shiga shi har gwiwa mahaifiyata ta zane ni, ta ce mai fuka ba ya wasa da ruwa. Fukar ta bar ni tun kafin in shiga sakandare, har na manta na taɓa yin ta, amma tsoron ruwan bai bar ni ba. Na zo Doha na haura shekara arba'in ban iya iyo ba. Aikina duba na'urorin awo ne a wani kamfanin gas, kuma kafin takardunku su fito ku biyo ni an ɗauki lokaci mai tsawo. A unguwar Najma na zauna, ɗaki ɗaya da wasu masu gadi biyu 'yan Zariya da wani direba Bakatsine. Injiniya nake a takarda, amma a Najma kowa katifa ɗaya gare shi. Mutanen kirki ne, Allah ya saka musu, sai dai wurin ba ya yin shiru. A wurin aiki ƙarar injin, a ɗaki ƙarar na'urar sanyi da wayoyi huɗu kowacce da nata wa'azin, a ƙasa masu gidan abinci suna ta buga faranti. Ban taɓa samun kaina ni kaɗai ba a lokacin, kuma ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba. Na rame, na zama mai saurin fushi, har na fara tunanin in ajiye aikin in koma gida hannu rabbana.

Wanda ya lura da ni shi ne Mustafa, wani Bamisire abokin aikina, ƙato mai tumbi da dariya. A bakin teku aka haife shi, kuma duk Asabar yakan tafi nutso da wasu abokansa. Ya matsa mini sai na bi shi. Na ce masa mu a garinmu ruwa sha ake yi da alwala, ba a shiga cikinsa. Bai ji ba. Ya kai ni wani wurin koyon iyo, inda na tsaya da furfurata da ta fara fitowa a cikin yara ƙanana ina kaɗa ƙafa ina shan ruwa ta hanci. Na ji kunya ƙwarai, amma kunyar ta fi zaman ɗaki daɗi. Da na iya iyo, aka koya mini yadda ake goya tukunyar iska a baya, a cusa bakin bututunta a baki, a sa tabarau da takalman nan masu faɗi irin na agwagwa.

Ba zan manta ranar da na fara sauka ƙasan teku ba, can kudu da garin Wakra inda yashi ke gangarowa cikin ruwa. An nutsar da wasu tsofaffin motoci a wurin domin kifaye su samu gida. Na leƙa tagar wata bas, sai ga wani ƙaton kifi da suke kira hamur ya yi ɗare-ɗare a kujerar direba, ya zuba mini ido kamar direban tasha mai jiran mota ta cika. Ba abin da nake ji sai numfashina, ya shiga, ya fita, kumfa ya tashi sama. Rabona da shiru irin wannan tun ina yaro a gona. Na yi tasbihi a zuciyata, hawaye ya taru mini a cikin tabarau. Ranar na koma Najma na yi barci har sai da aka tashe ni sallah. Ina faɗa muku wannan ne don ku sani, ba don ruwan nan ba da ban daɗe a ƙasar nan ba, da kuma ba ku yi karatun da kuka yi ba. Duk wanda zai zagi nutso a gabana sai ya fara jin wannan.

Abu biyu aka fi nanata mana tun ranar farko. Na ɗaya, kada ka taɓa riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa, musamman in kana tasowa. Iskar da ka shaƙa a ƙasa a matse take, in kana yin sama sai ta riƙa kumbura, in ba ta samu hanyar fita ba tana iya fasa huhu. Wannan na riƙe shi da kyau, don aikina ne sanin halin iska a cikin bututu. Na biyu kuwa maganar hannu ce, tunda baki a cike yake. Ba a nutso mutum ɗaya, kowa da abokinsa, kuma lokaci-lokaci abokinka zai juyo ya haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, ya nuna maka. Tambaya ce, wato komai daidai? In daidai ne ka mayar masa da zoben. In akwai matsala ka shimfiɗa tafin hannunka ka karkata shi hagu da dama, sannan ka nuna inda matsalar take. Mai koyarwar ya faɗa, na ji, na ci jarrabawa a kai. Amma can cikin kaina, ba tare da na sani ba, na riga na fassara abin da Hausa. Zoben Mustafa shi ne "Lafiya?" Zobena kuwa "Lafiya lau."

To, ku gaya mini, wane Bahaushe ne ake gaishe shi ya amsa da ƙorafi? Na je duba Kawu Ilu a asibiti ina saurayi, ya koma ƙashi da fata, na ce ya jiki, ya ce da sauƙi, alhamdulillahi. Kafin la'asar aka yi masa sutura. Ba wanda ya ce Kawu ya yi ƙarya. Haka aka rene mu, mutum ba ya ɗora wa mai gaishe shi kayan ciwonsa, kuma ba ya son ya yi kama da wanda bai gode wa Allah ba. Da wannan tarbiyyar na shiga ruwa. Duk lokacin da Mustafa ya nuna mini zobe, hannuna ya riga tunanina amsawa.

Shekarun farko ba a samu matsala ba, don lafiyar lau ɗin ce da gaske. Kuka zo, muka koma unguwar Muntaza, kuka girma kuna ganin rigar roba a rataye a banɗaki tana ɗigar da ruwan gishiri. Ummanku ta sa wa abin suna wankan Asabar. Takan ce duk ruwan famfon da ke gidan bai ishi Alhaji ba sai ya je ya yi wanka da kifaye. Amma ita ce take tashi ta dafa mini shayi a fulas ta naɗe mini gurasa da ƙwai, don ta ga mutumin da yake dawowa daga ruwa ya fi wanda ya tafi daɗin zama. Haka muka yi shekara goma sha wani abu. A hankali wasu abubuwa suka fara shigowa, irin waɗanda mutum ba ya ba su suna. Iskar tukunya busasshiya ce kuma da sanyi, tana barin maƙogwaro kamar an goge shi da tsumma, wannan kowa ya sani. Ni kuma sai ta fara bar mini tari, da farko na yini ɗaya, daga baya har Talata ina yi. Lokacin sanyi in na sauka ƙasa nakan ji ƙirjina ya ɗaure, wani siririn fito yana fita tare da numfashi. In Mustafa ya juyo da zobensa, in mayar masa. A raina ai ba wani abu ba ne, da sauƙi.

Shekarar da na doshi sittin ita ce abin ya fito fili, kuma ba ni na gano ba. Kun san al'adata ta yin tilawa da ƙarfi bayan sallar Asuba. Ummanku ta shekara talatin tana jin wannan karatun daga inda take, ta san inda nake tsayawa da inda nake zarcewa fiye da yadda ni na sani. Ta fara jin ina yanke aya a inda babu waƙafi, in ja numfashi, in koma baya in ɗauko. Ayar da a da nake kai ta ƙarshe da numfashi ɗaya, yanzu sai na huta a tsakiya. Ta yi mini magana sau ɗaya, na ce mura ce. Ta sake yi, na ce mata tsufa ne, ko ita ma gwiwarta ai ba ta jiya ba ce. Daga nan ta yi shiru, ni kuma na ɗauka na ci nasara. Na manta da wace nake zaune.

Wata Juma'a, kafin in dawo daga masallaci, an yi tuwon shinkafa da miyar kuka, an kuma gayyaci Dakta Bashir da iyalinsa. Kun san shi, likitan ƙirji ne ɗan Kano, ƙanina a shekaru, kuma ba baƙo ba ne a gidanmu, don haka ban zargi komai ba. An yi rashin sa'a ko sa'a lif ɗin gidan ya lalace ranar, na same shi a ƙasa muka hau bene tare. Da muka kai ƙofa na ɗan tsaya ina neman mabuɗin da ke hannuna. Ya kalle ni. Bayan mun ci mun wanke hannu, ya gyara zama ya ce Injiniya, ya ƙarfin jiki? Na ce lafiya lau, alhamdulillahi. Ummanku tana tsaye a ƙofar kicin da tire a hannu.

"Likita," ta ce, "don Allah ka tambaye shi da wani yaren. In dai da Hausa ne, ko a makara yake lafiya lau zai ce maka."

Matar Dakta ta sunkuyar da kai tana ɓoye dariya. Ni raina ya ɓaci, don ban saba a yi mini haka a gaban baƙi ba. Amma Dakta Bashir bai yi dariya ba. Ya bar gaisuwa ya koma tambaya irin ta asibiti. Tari na kwana nawa yake yi bayan nutso, ƙirji yana fito ko ba ya yi, na taɓa yin fuka ina yaro? Tambaya in ta zo a haka ba ta da amsar gaisuwa, dole na faɗi abin da yake akwai. Ina faɗa ina jin kaina kamar labarin wani nake bayarwa, don ban taɓa jera abubuwan wuri ɗaya ba. Ya ce in same shi a asibiti ranar Lahadi.

Gwajin ba wani abin tsoro ba ne. An maƙale mini hanci, aka ba ni wani bututu, aka ce in cika ƙirji in hura da iyakar ƙarfina har sai iska ta ƙare. Na hura da alfahari, don a ganina mutumin da ya shekara goma sha wani abu yana nutso ba a koya masa numfashi. Aka ba ni maganin shaƙa, aka jira, na sake hurawa. Dakta ya zaunar da ni ya yi mini bayani da irin yaren da zan gane. Ya ce tankina babba ne, ya fi na yawancin sa'o'ina, kuma ana yawan ganin haka a wurin masu nutso. Matsalar tana cikin ƙananan bututai, waɗanda suke can ƙarshen huhu. Sun ƙuntata, iska tana shiga amma fitarta a hankali take yi. Na tambaye shi kai tsaye ko nutso ne ya jawo. Ya ce ba zai ɗora wa nutso laifin duka ba. Akwai masu yin sa don nishaɗi shekara da shekaru ba a ga wani canji na a zo a gani a huhunsu ba, kuma masana ma ba su gama magana a kan abin ba. Amma ni na shiga ruwa da tsohuwar fuka a kwance, ga shekaru, ga ƙurar wurin aiki, sannan na yi ta zuba wa waɗannan bututan busasshiyar iska mai sanyi duk mako. Abin da ke barci an yi ta taɓa shi har ya farka.

Sannan ya faɗi abin da na riga na hango tun yana tsakiyar magana. A tudu, ƙuntataccen bututu tari ne da haki, magani zai riƙe shi. A ƙarƙashin ruwa kuwa, in ya toshe ina ƙasa, iskar da ke bayansa ba ta da hanyar fita in na taso. Wato huhuna zai riƙe numfashi da kansa ko da ni ban riƙe ba.

"Injiniya, ba ni da ikon ɗaure ka," in ji shi. "Amma da yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, da na ce masa khalas, ya isa haka."

Na fita ina jin haushin kowa. Haushin likita, haushin Ummanku da tuwonta, haushin mahaifiyata ma da ta riga kowa faɗa. Na fara shan magani, cikin 'yan makonni tari ya tafi, karatuna ya daidaita, na hau bene ba haki. Sai zuciya ta fara raya mini cewa likitoci dama haka suke, sun fi son kowa ya zauna a kujera ya jira mutuwa. Ban gaya wa Mustafa komai ba, na ce masa aiki ne ya riƙe ni. Ana nan sai ya zo da labarin an shirya fita da jirgin ruwa zuwa wani tsohon jirgi da ya nutse can ciki, wurin da muka daɗe muna burin zuwa. Lokacin sanyi ne. Na ce a sa sunana.

Na jira faɗa daga Ummanku, har na tanadi amsoshina. Ba ta yi ba. Da asubar ranar ta tashi ta dafa shayin ta zuba a fulas, ta naɗe gurasar kamar kullum. Na saɓa jaka na kai ƙofa, sai ta yi magana ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Alhaji, ban hana ka ba, kuma ba zan hana ka ba. Na san abin da ruwan nan ya yi maka. Abu ɗaya nake roƙo. In bawan Allahn nan ya tambaye ka a can ƙasa, ba gaishe ka yake yi ba."

Na ce to, na fita. A hanya ina ta mamakin yadda ta san wannan, sai na tuna ni da bakina na sha nuna muku alamun hannun a kan tabarmar cin abinci, ina raha ina cewa har kifaye gaisawa muke yi da su.

Jirgin ya yi tafiya mai nisa, gari ya ɓace a bayanmu. Iska tana kaɗawa, ruwan ya yi duhu. Muka shirya, Mustafa ya dafa kafaɗata ya kira sunana da Larabcinsa ya ce yalla ya Osman, wato mu je, muka faɗa. Ana sauka ne ta jikin igiyar da aka ɗaure a jirgin da ke ƙasa. Sanyi ya ratsa rigar roba, iskar tukunya ta bugi maƙogwarona. Ban yi nisa ba na ji abin nan ya zo, ƙirji ya fara ɗaurewa, siririn fiton ya dawo. Ba mai tsanani ba ne. Na sha jin wanda ya fi shi na ci gaba. A ƙasa ina hango inuwar jirgin, dogo, kifaye sun lulluɓe shi, saura kaɗan in taɓa shi. Mustafa yana ƙasa da ni a kan igiya, ya ɗago kai ya nuna mini zobe.

Wallahi yatsuna sun riga sun haɗu. Na kalli hannuna na ga zoben ya kusa cika, ba da izinina ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kunyar da na ji, irin wadda za ka ji in babba ya gaishe ka ka tsaya kana lissafa masa ciwonka. Ga mutane sun biya kuɗin jirgi, ga abokina ya daɗe yana jiran ranar nan, ni zan ɓata masa. Sai na buɗe yatsun da ƙyar, na shimfiɗa tafin hannu, na karkata shi hagu da dama, na nuna ƙirjina. Tun da na fara nutso ban taɓa yin wannan alamar ba sai a wurin jarrabawa.

Mustafa bai yi wata-wata ba. Ya hauro ya kama ɗamarar rigata da hannu ɗaya, ya kafe ni da ido ta cikin tabarau, ya riƙa nuna mini in fitar da iska, in fitar, in ƙara fitarwa. Muka taso a hankali ƙwarai, hannu bayan hannu a kan igiya. Ina jin iskar tana fita da ƙyar, ina salati a zuciya. Da kanmu ya fito sarari na tofar da bututun na yi tari har sai da idona ya yi ja. Aka ja ni cikin jirgi, na shaƙi maganina, aka ba ni iskar asibiti da suke ajiyewa, ƙirjin ya saki. Mustafa ya zauna a gefena yana ɗigar ruwa, ya ga abin shaƙar a hannuna, ya tambaye ni tun yaushe. Na gaya masa gaskiya, har maganar likita. Na yi ƙoƙarin in mayar da abin raha, na ce mu a wurinmu in an tambayi lafiyarka lafiya lau ake cewa. Mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba dariya ba ya kalle ni a murtuke.

"Shekara nawa ina riƙe da ranka kana riƙe da nawa," ya ce. "Da ka mutu a hannuna, me zan je in gaya wa matarka? In ce ka gaishe ni?"

Ya ƙi komawa ruwa ranar, ya zauna tare da ni har sauran suka fito suna ba da labarin jirgin da ni ban taɓa gani ba sai inuwarsa. Ya yi kusan wata ba ya yi mini magana sai ta aiki. Daga baya ya huce, shi ne ma ya samo wanda na ba kayan nutsona, wani matashi ɗan Sudan da ke koyo. Har ya bar ƙasar nan muna zumunci, kuma har yau in ya kira ni ya ce yaya jiki, sai ya ƙara da cewa ba da Hausa yake tambaya ba.

Ba zan ɓoye muku ba, rabuwa da ruwa ta yi mini ciwo. Asabar ta zama doguwar rana. Na daɗe in na bi ta bakin teku ina kawar da kai. Huhun kuwa bai koma yadda yake ba, Dakta Bashir ya ce kada in sa rai, amma bai ƙara lalacewa da sauri ba tun da na daina, kuma da abin shaƙata a aljihu ina zagaya kasuwar Suƙ Waƙif da jikokina in dawo da ƙafata. Na samu shekaru masu yawa a ƙasan teku waɗanda ɗan Gumel bai taɓa mafarkinsu ba, na kuma fito da raina. In an ce in sake zaɓa, zan sake shiga, sai dai zan je a gwada ƙirjina tun farko, in kuma riƙa zuwa ana dubawa. Hafsa, na ji kina cewa ba za ki bar ɗanki ya koya ba. Ki kai shi a duba shi, ki faɗa wa likita akwai fuka a dangi, in an ce ya shiga ki bar shi.

Saura abu ɗaya, wanda ku ba ku gani ba don kuna makaranta a Kano a shekarar, kuma na san Ummanku za ta yi mini faɗa in ta ga na rubuta shi. Ranar da na dawo daga jirgin, bayan Azahar, na buɗe ƙofa da mabuɗina a hankali. Gidan shiru, ba ƙamshin girki, abin da ban taɓa tararwa ba ranar Asabar. Na same ta zaune a kujerar da ke kusa da ƙofa, sanye da hijabinta na fita, da takalmi a ƙafa, jakarta a kan cinya. A hannu ɗaya wayarta, a ɗaya katin asibitina. Kofin shayin da na sha da asuba yana nan inda na bar shi. Tun fitata take zaune a wurin, a shirye, tana jiran a kira ta.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Na ce mata na fasa, ban kai ƙasa ba, kuma na gama. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta sunkuya za ta cire takalmin, sai na ga ta kasa kwance maɗaurin. Na ajiye jakata, na durƙusa a gabanta na cire mata.